Ɗakin da Suke Son Liƙa wa Sunan Kawu

Kawu ya cika ranar wata Talata da hantsi, a gidansa nan Arlit, bayan tarin da ya daɗe yana kai shi gidan likita yana maido shi. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, shi dai ya riga mu ne. Kafin la'asar an kai shi an dawo. Ƙanin mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ina 'yar shekara biyar, shi ya sa ni lekol, wato makarantar boko, shi ya koya mini aikin da nake ci da shi yau. Malamin boko ne, abin da muke ce wa mushe, kuma ya fi shekara talatin yana riƙe da alli a garin nan.

A zaman makoki na ga mutane iri biyu. Akwai tsofaffin leburorin ramin ma'adinai, da direbobin manyan motocin kaya, da masu garka daga bayan gari. Waɗannan ba su da dogon bayani. Su zauna, su shafa fatiha, su tashi. Wani dattijo mutumin Abzin, mai garkar tumatir, ya nemi a shigo da shi ya gai da Inna, matar Kawu. Ya tsuguna daga bakin ƙofa, rawani ya rufe masa rabin fuska, ya ce da irin Hausarsu: "Uwata ya mutu da wasiƙar ajin Mushe cikin jakarshi. Shekara goma yana ajiye." Ya tashi ya fita. Inna da tun safe ba ta zubar da hawaye ba, a nan ta fashe da kuka.

Sai kuma iri na biyu, abokan aikinmu. Sun zo cikin shadda mai sheƙi, kowa da salula a hannu. Ɗaya har ya miƙe yana ɗaukar hoton tabarmin makoki yana aikawa, wai a ga taro. Ta katanga nake jin su: "Allah ya jiƙan tsoho. Mutumin kirki ne, sai dai mutumin da ne. Har ya mutu bai yarda da zamani ba." Ana faɗa ana 'yar dariya, kamar ana maganar wani gaula da aka daɗe ana haƙuri da shi.

Ranar sadakar uku sai ga daraktan lekol ɗinmu, don ni ma can nake koyarwa. Ya tsaya bakin tsakar gida ya gyara murya, yadda mata duka za su ji.

"Hajiya, mun yi shawara. Ɗakin nan namu na tablet, za mu sa masa sunan marigayi. A rubuta a allon ƙarfe, a kafa bisa ƙofa. Baƙi na zuwa daga Yamai bayan arba'in, a gabansu za a buɗe. Yardar iyali kawai muke jira."

Mata suka ɗauka: Masha Allah, an girmama Mushe. Inna ta ce, "Ni mi na sani ga boko? Ga ɗiyarshi nan. Abin da ta ce, shi ke nan."

To daga ranar zuwa arba'in amsar tana wuyana, in ba su sunan Kawu ko in hana. Wanda bai san ɗakin nan ba zai ce mene ne abin tunani a ciki. Shi ya sa sai na faɗi wane ne Kawu, da yadda ɗakin ya bar hannunsa.

Gajere ne, baƙi, mutumin Adar, kuma har ya mutu harshensa bai bar Adar ba. Kullum alli na saƙale bayan kunnensa, har masallaci yake mantawa ya shiga da shi. Akwai bishiyar bedi guda a farfajiyar lekol, shi ya dasa ta, da ruwan alwalarsa ya raine ta, a gindinta yake dafa shayi. Ba waliyyi ba ne. Yana da baƙar magana, kuma idan ya tsani mutum ba ya iya ɓoyewa. Ya taɓa yin shekara guda ba ya gaisawa da wani limami don limamin ya ce wa yaro jaki. Kalmar da ya fi ƙi a bakin malami ita ce rago. Ka ce masa yaron nan rago ne, sai ya harare ka ya ce, "Yaro ba ya gudu zuwa rijiya sai in da mai ƙishi a gida. Wa ke jiran abin da ka sa shi rubutawa? Kai? Kai ko ƙishi ba ka ji."

Wannan ba magana ce ta baki kawai ba, haka yake aikinsa. Arlit garin baƙi ne. Kowa ka gani yana da tsohuwa a Maradi ko Damagaram ko Tawa, ko can cikin duwatsun Abzin. A lokacin babu salula. Ranar Laraba da marece, lokacin da ba a karatu, Kawu ke buɗe ajinsa, leburorin da suka tashi daga aiki su shigo su yi layi. Kowane yaro a ba shi mutum guda. Mutumin ya faɗa, yaron ya rubuta, direbobi su tafi da wasiƙun kudu.

Ni a lokacin babu irin bulalar da ba ta gaji da ni ba. Rubutu ya fi mini surfe wuya. Wata Laraba Kawu ya haɗa ni da wani ƙato mutumin Maradi. Ya tsuguna gefen bencina, duk girmansa, yana murza hula. Ya ce, "Ki ce mata ina lahiya. Ki ce ƙafar ta warke, kar ta ji maganar mutane." Na fara jagwalgwalo na yadda na saba. Kawu ya zo ta bayana ya leƙa, bai ɗaga murya ba, ya ce, "In mai karanta ma tsohuwa ya kasa gane wanga, za ta kwana ba ta san ko ɗanta na da ƙahwa ba." Ya wuce. Sau uku na sake takardar nan da kaina, ba wanda ya sa ni. Bayan wata biyu ƙaton ya dawo lekol da ƙullin ƙuli-ƙuli, ya ce tsohuwa ta ce a gai da mai rubutu. Tun ranar ba a sake dukana a kan rubutu ba.

Masu cewa bai yarda da zamani ba ƙarya suke yi, kuma sun san ƙarya suke yi. Da salula ta zo yana cikin na farkon saye. Saƙon muryar mahaifiyata sai ya saurara sau uku yana dariya shi kaɗai. Da wasiƙu suka ɗauke cewa ya yi, "Alhamdu lillahi, tsohhi sun huta da jira." Bai rufe Larabarsa ba, sai dai abin da ake kawowa ya canza. Aka koma kawo takardar magani, da takardar injin ban ruwa, da takardun sallama lokacin da aka rufe ɗaya daga cikin ramukan aka watsar da ma'aikata. Da zinariya ta ɓulla a arewa, manyan yara suka fara sulalewa, malamai suna ta kukan yaran yanzu ba su da himma. Kawu ya ce, "Da, yaro na ganin wanda ya ci jarrabawa ya samu aiki da gida. Yanzu shina ganin mai takarda na tura kurar ruwa, mai zinariya na hawan sabuwar mota. Ba wawa ba ne. In kana son shi zauna, ba shi aikin da wani ke bukata yau."

Ajin nan da ake magana, iyayen yara ne suka gina masa. Magina da masu walda na cikinsu suka riƙa zuwa ranar Lahadi, har ya zama shi kaɗai ne ɗaki mai siminti da ƙofar ƙarfe da wutar lantarki da muke ce wa kuran a lekol ɗin. Wannan kyan shi ya ja masa. Wata ƙungiya ta kawo mana tablet cikin akwatuna, ta ce sai ɗaki mai ƙofa da kuran. Darakta bai yi ko tari ba ya ce ga shi. Aka fitar da Kawu da yaransa zuwa rumfar zana a bayan makewayi. Aka zaɓi malama guda a kai ta Agadas horo na sati biyu, ta zama mai kula da ɗakin. Ni ce malamar. Na dawo kaina ya kumbura, mabuɗi rataye a wuyana kamar laya.

Abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin shi ne, ba a taɓa tablet ɗin nan. Darakta ne ya sa hannu ya karɓe su, duk wadda ta fashe a kansa take. Sai ya kafa doka: a jera su cikin akwatin ƙarfe na tsaye da muke kira armuwar, a kulle, a kulle tagogi, a kulle ƙofa. Abin da ba a taɓa ba, in ji shi, ba ya lalacewa. Ba a buɗewa sai baƙi za su zo.

Ana saura kwana biyu baƙin farko su iso, darakta ya je rumfar Kawu zaɓen yara. Yana nuna masu takalmi, 'ya'yan ma'aikatan ofis, yana cewa kai fito, ke fito.

Kawu ya ce, "Ranka shi daɗe, awakin kasuwa kake zaɓe?"

"Mushe, hoto za a ɗauka."

"To ɗauki wagga." Ya nuna 'yar wani mai garka, ƙafafunta duk faso. "Ita ta karanta ma ubanta takardar inji, ruwa ya taso."

Darakta ya yi kamar bai ji ba, ya kwashe waɗanda yake so. Ni na kwana biyu ina koya musu shafa yatsa a kan gilashi da yin murmushi. Ranar da baƙin suka zo, rabin tablet ɗin ko kunnawa ba a yi ba, yara na ta shafa baƙin gilashi. Aka tafa, aka yi hoto, aka ci nama. Ko ƙurar motocinsu ba ta kwanta ba na karɓe na kulle. Tir da wannan rana, tir da ni a cikinta.

Sau ɗaya tak Kawu ya roƙe ni abu a duniya. Muna gindin bedi da sauran malamai, ya miƙo mini kofin shayi ya ce, "Ɗiyata, ara mini tablet uku ranar Laraba. Tsohhin nan na rami masu ciwon ƙirji, takardun neman hakkinsu sun ƙi haɗuwa. Yara su ɗauki bayaninsu da murya, su buga shi tsaf. Kin ga yaro ya koyi na'ura, tsoho ya samu takarda."

Na ce, "Kawu, ba allo ba ne. Akwai ƙa'ida. Ba a yi muku horo ba."

Ya ce, "To ki yi mini."

Malamai suka kwashe da dariya. Ban san da wa suke ba, amma na ji kamar da ni ne. Sai borin kunya ya kama ni, na ce, "Kawu, kowane zamani da mutanensa." A gaban mutane na faɗa, ga mutumin da ya goye ni a kafaɗa ya kai ni rigakafi. Ya dube ni, ya karɓi kofinsa ya ɗauraye. Ya ce, "Allah shi ba ku sa'a da naku."

Da ma a nan na tsaya. Ƙarshen zango ƙungiyar ta aiko tambaya, me ya sa ba a ga alamar yara na aiki da kayan ba. Darakta ya ce, "Ke aka yi wa horo, ki rubuta musu dalili." Ba zan iya rubuta cewa suna kulle ba. Sai na rubuta cewa akwai tsofaffin malamai masu adawa da sabon tsari, suna sanyaya gwiwar yara da iyaye. Ban sa sunansa ba, na sa sunan ajinsa, wanda duk ɗaya ne. Na sa hannu a ƙasa. Bayan 'yan watanni takarda ta zo daga anspekta, mai duba makarantu: an cire Kawu daga aji, an ba shi tsaron ƙofa da buga ƙararrawa har ya kai ritaya.

Haka ya yi shekara biyu. Kullum da safe ina wuce shi a ƙofa, yana zaune kan benci da ƙarfen buga ƙararrawa, alli na nan bayan kunnensa babu abin rubutawa. Ya ce, "Ɗiyata, kin tashi lahiya? Ina yara?" Ban san ko ya san abin da na yi ba, kuma ban taɓa samun ƙarfin tambaya ba.

Bayan wani dogon hutu na buɗe armuwar, wani wari ya buge ni. Duk wanda ya san bazarar Arlit ya san abin da rufin kwano ke yi wa ɗakin da aka toshe. Batir ɗin sun kumbura kamar fanke, gilashi ya ɗaga, wasu sun tsage. Kaɗan ne suka tsira. Darakta ya zo ya leƙa, tambaya ɗaya ya yi: "Mabuɗi na hannun wa?" Ya juya ya tafi. Na gane a kaina zai sauke, kuma aikina ya ƙare.

Ina zaune a ƙasa ina kuka sai ga Kawu. Tun da aka fitar da shi bai taka ɗakin ba sai ranar. Ya dubi bango, ya dubi tablon da ya shekara da shekaru yana rubutu a kai, ya ɗauki tablet guda ya latsa cikinta. Ya ce, "An toya su da kyau." Sannan ya zauna kan bencin yara ya ce in ba shi takarda. Ya rubuta wa anspekta bayani dalla-dalla: wa ya ba da umarnin kullewa, yaushe, a gaban wa, da irin zafin da ɗakin ke yi. Ya zaga ya samo malamai biyu suka sa hannu, ban san da wace baƙar magana ya tilasta su ba. Wannan takarda ita ta tsare mini aikina. Bai ce na faɗa miki ba. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

To wannan shi ne ɗakin. Har yau matattun tablet ɗin na nan, in baƙi za su zo a goge su a jera, a kifa kumburin ta ƙasa. Darakta na neman a sake kawo sababbi, kuma ya san in aka ce za a buɗe ɗaki da sunan Mushe, direbobi da tsofaffin leburori za su cika farfajiya har waje. Taron yake so a hoto. Mutumin da suka kora bayan makewayi yana da rai, shi suke son kafawa a ƙofa ya jawo musu kasuwa, ko kunyar Allah babu.

Saura kwana biyu arba'in, bayan azahar, na samu Inna ita kaɗai a ɗakin takabarta. Na ce mata na yanke shawara zan ce wa darakta a'a.

Ranta ya ɓaci. Ta ce, "Don mi? Kabari ba shi da suna. Shekara biyu ko ni ban iya nuna shi. Ki bari in samu wurin da zan kai jikoki in ce ga kakanku." Ta tashi ta buɗe adakarta, ta tono wani ƙulli daga ƙarƙashin zannuwan aurenta. "Ga ma abin da za su rubuta bisa allon. Maganarki ce."

Ta warware. Kwafin rahotona ne. Ashe an haɗo masa shi da takardar anspekta tun ranar da aka cire shi.

"Randa ya kawo ta na ce mi ne ne. Ya ce ɗiyarki ce ta rubuta ma manya labarina. Na ce mi ta ce? Ya ce yabo ne, ta ce na yi aiki na gaji, a hutar da ni. Na amshe na ɓoye." Ta miƙo mini. "Shi bai taɓa yarda ya karanta mini ba, wai kunya. Ke karanta, ki juya mini da Hausa, in ji da kunnena."

Takardar na ƙamshin turaren wuta. Babu kowa a ɗakin sai ni da ita, kuma Inna ba ta san ko harafi ɗaya ba. Da na ga dama da na ƙaga mata yabo mai daɗi, ta mutu da shi. Kawu ma hanyar da ya share mini ke nan. Na duba na ga in na bi ta, na sake fakewa a bayansa karo na uku, kuma yanzu ba ya nan balle ya ɗauka. Na karanta mata layi bayan layi yadda yake, ban rage ba.

Ba ta katse ni ba sai da na kai ƙarshe. Ta ce, "Wanga aji da anka ambata, na wa ne?"

Na ce, "Na Kawu ne."

"Hannun da ke ƙasa?"

"Nawa ne, Inna."

Ta karɓi takardar ta ninke ta yadda take. Can ta ce, "Shekara huɗu ina turara ta." Ta ajiye ta gefen tabarma, ba ta maida ita cikin adaka ba. "Ki tahi ki gaya ma daraktanku. Sun amshe ɗakin shina da rai, ba su samun sunan shina ƙasa."

Na je na faɗa masa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ba komai, za a samu wani sunan. An samu kuwa. Baƙi sun zo, an goge gilasai, yara sun shafa, an tafa. Farfajiyar dai ba ta cika ba.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da alli a bayan kunne. Ka yafe masa baƙar maganarsa, ka saka masa da kowace wasiƙa da ta kwantar da hankalin wata tsohuwa, ka yalwata masa makwanci fiye da ɗakin da muka ƙwace masa. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani.

Inna ba ta kore ni ba, ba ta kuma faɗa wa kowa ba. Har yanzu tana aiko wa 'ya'yana fura. Jiya na je gaishe ta, na durƙusa a bakin ƙofa yadda na saba tun ina yarinya, na ce Inna ina wuni, ya ƙarin haƙuri. Matar da ta yi mini kitson farko, ta kai ni ɗakin miji, ta dube ni ta amsa yadda iyayen yara ke amsa mini a bakin lekol.

"Lahiya lau, Madam. Ina gajiya?"